Injin Cika Leda Da Rufe Ta: Ina Rabon 'Yan Arewa Mazauna Kudu?

A manyan garuruwan Kudu, kamar su Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, da wuya mutum ya yi yini guda bai sayi wani abu da aka rufe cikin leda ba. In bai sayi ruwan sha ba, zai sayi madarar shayi, ko sukari, ko gishiri, ko garin sabulun wanki. Galibin waɗannan kaya ba hannun mutum ne ya ƙulla su ba. Inji ne yake shirya ledar, ya auna kayan, ya zuba, ya liƙe baki, duka cikin ƙiftawar ido. Mutanen Arewa da ke zaune a waɗannan garuruwa suna cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukar kayan nan a ka, da tura su a kura, da sayar da su a tireda da teburin mai shayi. Amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka taɓa tsayawa a gaban injin suka ga yadda yake aiki, balle a ce sun mallake shi.

Akwai dalilin da ya sa ya kamata a dubi wannan al'amari da kyau. Sana'o'in ƙarfi da 'yan Arewa suka daɗe suna dogara da su a Kudu sai ƙara ƙuntata suke yi. Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a wasu sassan birnin a watan Fabrairu na 2020, kana ta tsananta hanin a ƙananan hukumomi 6 daga ranar 1 ga watan Yuni na 2022, samari masu yawa suka wayi gari ba abin yi. A ɗaya gefen kuma, dabino da aya da gyaɗa da riɗi da zoɓo da busasshen barkono da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Ikko da ta Bodija a Badun, galibi 'yan Arewa ne ke kawo su, su sayar a buhu ko a mudu. Wani ya saya ya kai gida, ya tsince, ya zuba cikin leda mai suna da adireshi, ya liƙe, ya kai manyan kantuna. Kayan dai su ne, amma kuɗin da ake biya a kanti ya ɗara na bakin mudu nesa ba kusa ba, kuma wannan ƙari aljihun wanda ya rufe ledar yake shiga.

Kafin zuwan inji

Aikin ƙulla kaya a leda kashi uku ne, watau a buɗe ledar, a zuba kaya daidai gwargwado, sa'an nan a rufe baki. Kowanne yana da tasa wahala.

Sabuwar leda a manne take, saboda haka mai ƙulli yakan lashi yatsa ya murza bakinta, in ta ƙi buɗewa sai ya hura mata iska da bakinsa. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 za su tuna da ruwan sanyi na ƙulli wanda mata da yara ke talla a tashoshin mota. Ana hura ledar, a ɗebo ruwa da kofi daga bokiti, a zuba, a ƙulle. Duk cutar da ke bakin mai hurawa ko a hannunsa tana iya bin ruwan nan har cikin mai sha.

Wajen awo kuwa, ido da kofi ne ma'auni, wani ƙulli ya fi wani girma, mai saye ya yi ta zaɓe yana ƙorafi. Wajen rufewa, masu gyaɗa da gugguru suna da dabararsu wadda har yau ba ta mutu ba. Sai a kunna kyandir, a lanƙwasa bakin leda a kan ƙarfen zarto, a bi da shi kusa da harshen wutar har ya narke ya kama. Dabarar tana aiki, sai dai tana barin baƙin hayaƙi a jikin leda, tana barin ƙananan kafofi inda iska ke shiga, kuma mutum ya yi yini cur yana ƙona yatsu bai gama kwano kaɗan ba. Waɗannan wahalhalu uku su ne aka ƙera inji domin ya ɗauke.

Asalin leda da injinta

Daga man fetur da iskar gas ake samun leda. Sinadarin da ake yin ta da shi ana kiransa folitin, kuma wasu masana biyu, Eric Fawcett da Reginald Gibson, su ne suka yi kiciɓis da shi a 1933 a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila, suna cikin gwajin wani abu dabam. Sai a 1939 aka fara yin sa da yawa a masana'anta. Jakar leda mai hannu biyu wadda ake zuba cefane, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ya ƙirƙiro ta, kamfanin Celloplast ya yi mata rajista a 1965.

Abin mamaki, injin ya girmi jakar. Tun a 1936 wani injiniya a Amurka, Walter Zwoyer, ya sami rajistar injin da ke ɗaukar shimfiɗaɗɗiyar takarda mai sheƙi, ya naɗe ta ta zama jaka, ya zuba alewa, ya liƙe. Da leda ta yawaita sai aka mayar da injin kanta, kuma tsarin nan nasa shi ne har gobe ake bi.

A nan Nijeriya ana yin folitin a masana'antar Eleme kusa da Fatakwal, wadda Gwamnatin Tarayya ta sayar wa kamfanin Indorama a 2006, sauran kuma daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, fari, kamar tsabar shinkafa. Masu masana'antar leda su narka shi, su hura shi da iska ya tashi kamar dogon balan-balan, ya huce, su tsaga, su buga masa suna da launi, su naɗe shi gammo-gammo. Wannan naɗi shi ne abincin injin, kuma a kan kilo ake sayar da shi.

Shekarun 1990 ne suka cika ƙasar da ƙananan leda. A 1993 madarar Cowbell ta shigo kasuwa cikin ƴan ƙananan ƙunshi, mai shayi da talaka suka sami madarar da za su saya daidai aljihunsu, sauran kamfanoni suka bi sawu. Cikin shekarun nan ne kuma ruwan leda na inji ya ture ruwan ƙulli. A 1993 ɗin dai aka kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, watau NAFDAC, kuma a zamanin da marigayiya Dora Akunyili ta shugabance ta, daga 2001 zuwa 2008, aka matsa wa masu ruwan leda lamba sai sun yi rajista.

Yadda injin ruwan leda ke aiki

Injin ruwan leda shi ne wanda aka fi gani, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci sauran. Akwati ne na farin ƙarfe marar tsatsa, tsayinsa ya ɗara mutum kaɗan, galibi daga ƙasar Sin ake kawo shi.

Ana ɗora naɗin leda a bayansa. Ledar tana warwarewa ta bi ta kan wasu sanduna masu juyawa domin ta miƙe, ta wuce ta gaban wata fitila mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, ta wuce ta ƙarƙashin hatimi mai buga kwanan wata. Daga nan sai ta hau kan wani ƙarfe mai siffar kwalar riga. Wannan kwala ita ce ke lanƙwasa shimfiɗaɗɗiyar leda ta kewaye bututun ruwa, gefenta biyu su haɗu. Wani ƙarfe mai zafi ya danne inda suka haɗu daga sama zuwa ƙasa, ledar ta zama kamar doguwar ƙafar wando.

Can ƙasa akwai muƙamuƙan ƙarfe biyu masu zafi, da wuƙa a tsakaninsu. Su cije ledar a gicciye, gindin jaka ya samu. Famfo ya turo ruwa rabin lita daidai ta cikin bututun. Injin ya jawo ledar ƙasa tsawon jaka guda, muƙamuƙan su sāke cijewa. Wannan cizo ɗaya aiki uku yake yi: ya rufe bakin jakar da ta cika, ya yanke ta ta faɗa cikin baho, ya kuma yi gindin wadda ke biye. Mai karatu zai lura cewa matsalar buɗe leda ta kau gaba ɗaya, domin jakar a buɗe aka yi ta, ba wanda ya taɓa cikinta da hannu ko da numfashi.

Irin wannan inji yana fitar da kamar leda 2,000 a sa'a guda. Tun da leda 20 ake zubawa a babbar jaka, jaka 100 ke nan, watau ruwa lita 1,000. In an yi aikin sa'a 8 ba tsayawa, an sami jaka 800, an kuma sha ruwa lita 8,000. Mutum ɗaya ke lura da injin, amma ana bukatar masu ƙirgawa da zubawa a jaka, da masu lodi, da direba da yaran mota. A nan ne galibin samarin Arewa da ke cikin wannan sana'a suka tsaya.

Gari da tsaba da manyan buhuna

In abin da za a zuba ba ruwa ba ne, jikin injin ɗaya ne, kan da ke awo ne ke sākewa. Tsaba kamar sukari da gishiri da shinkafa da gyaɗa, wasu kofuna ne masu kewayawa a kan faranti ke auna su. Kowane kofi ya cika, a shafe bakinsa, ya zo saitin bututu ya juye. Mudu ne dai, amma mudun da ba a danna shi, ba a kuma yi masa tozo. Gari mai laushi kamar madara da yaji da kuka da garin kunu ba ya zuba da kansa, yakan toshe, saboda haka ake sa wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa cikin bututu, yawan juyin da ya yi shi ne yawan garin da zai sauko.

Kayan da girmansu ba ɗaya ba, kamar dabino da soyayyar ayaba, sikeli suke bukata. Kamfanin Ishida na ƙasar Japan ya fito da wani sikeli mai kwanuka da yawa a 1972, domin auna tattasai. Kowane kwano yana auna ɗan abin da ya faɗa masa, na'ura ta zaɓi kwanukan da in an haɗa nauyinsu zai yi daidai da abin da ake so, ta sake su tare. Irinsa ne manyan kamfanonin biskit da ƙwalam ke amfani da shi.

Akwai kuma injin da ake ba shi jakar da aka riga aka yi. Shi ne yake buɗe leda a zahiri. Wasu ƙananan bakunan roba masu zuƙar iska suna kama gefe biyu na jakar su ja, a busa mata iska mai tsabta ta buɗe sosai, a zuba kaya, a wuce da ita wurin liƙi.

Buhu mai kilo 50 na fulawa ko sukari ko shinkafa ko takin zamani, nasa tsarin dabam. Saƙaƙƙen buhu ne na zaren roba, irin wanda kamfanin Bagco, da aka kafa a Ikko a 1972, ya yi suna a kansa. Ma'aikaci ya saƙala bakin buhu a mazurari, ƙarfe ya riƙe, sikeli ya saki kilo 50, buhun ya sauka kan bel mai tafiya, ya bi ta ƙarƙashin keken ɗinki. Akwai ƙaramin keken na hannu wanda mutum ke riƙewa ya bi bakin buhu da shi, ya maye gurbin basilla da igiya. 'Yan kasuwar hatsi da yawa sun san shi.

Liƙi shi ne ran aikin

Duk kyan inji, in liƙinsa ya ɓaci an yi aikin banza. Leda tana narkewa da zafin da ya ɗara na tafasasshen ruwa kaɗan, watau tsakanin digiri 105 da 125 gwargwadon irinta. Abu uku ke haɗuwa su ba da liƙi mai kyau: zafi, da ƙarfin dannawa, da tsawon lokacin da aka danna. In zafi ya yi kaɗan, leda za ta yi kamar ta kama, sai an ɗora jaka a kan jaka cikin mota ta fashe. In ya yi yawa, wurin liƙin ya ƙone ya yi siriri, ya riƙa yoyo. In gari ko mai ya shiga tsakanin leɓɓan ledar, nan ma ba za ta kama ba.

Saboda haka ƙwararren mai lura da inji yakan ɗauki leda ɗaya lokaci-lokaci ya matse ta da ƙarfi tsakanin tafukansa, ya duba gefe da gefe. Yakan kuma duba ƙyallen nan mai jure zafi da ake shimfiɗawa a kan ƙarfen liƙi, domin in ya cinye leda na mannewa a jikin ƙarfe. Wutar lantarki mai hawa da sauka ita ce babbar abokiyar gābar wannan sashe, domin zafin ƙarfen yana bin ƙarfin wuta.

Manoman wake a Arewa sun riga sun ga amfanin rufi mai kyau. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ba magani ake sa masa ba. Ana matse iska ne a ɗaure kowace leda tam, ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu. In an sami ƙofa ko da ta allura ce, ƙwari sun rayu.

Abin da inji ba ya yi

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Injin ruwan leda ba ya tace ruwa. Abin da aka ba shi, shi yake rufewa. Kafin ruwan rijiyar burtsatse ya isa gare shi, tilas ne ya bi ta tukunyar yashi mai kama laka, da tukunyar gawayi mai ɗauke wari da ɗanɗano, da ƙananan matatai masu kama ɓurɓushi, sa'an nan ya bi ta fitilar kashe ƙwayoyin cuta. Waɗannan matatai suna tsufa, fitilar ma tana rauni ko da tana ci, tilas a riƙa sāke su a kan kari. Wanda ya haƙa rijiya kusa da masai ko kwata, ya sa inji mai tsada, cuta ce yake ƙullawa cikin leda mai kyan gani.

Mazauna Ikko ba su manta da annobar amai da gudawa ta watan Yuni na 2024 ba, wadda ta yi sanadin rasa rayuka. Jami'an lafiya na Jihar Legas sun ce bincikensu a yankin Eti-Osa ya nuna alaƙa da wani kunun aya marar rajista da majinyata da dama suka sha. Kunun aya da zoɓo da fura sana'o'in mutanen Arewa ne, kuma in irin wannan ta faru, mai tsabta da marar tsabta duka kasuwarsu ke mutuwa.

Busassun kaya ma suna da nasu haɗari. Gyaɗa ko masara ko barkono da bai bushe sarai ba, in aka liƙe shi cikin leda, gumi zai yi ya yi fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa da masara tana haifar da dafi mai lalata hanta. Haka nan waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Leda ba ta wanke wannan, sai ma ta ɗora sunan mai kayan a kansa, hukuma ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Abin da doka ta ce

Duk abinci ko abin sha da aka rufe aka sa wa suna domin sayarwa, dokar ƙasa ta ce sai da rajistar NAFDAC. Mai nema zai fara yi wa sana'arsa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, jami'ai su zo su duba ɗakin aiki, a gwada kayan a ɗakin bincike, kana a ba da lamba. A jikin leda tilas a rubuta sunan kaya, da sunan mai yi da adireshinsa, da nauyi ko yawan abin da ke ciki, da ranar da aka yi, da ranar da zai lalace, da lambar hukumar. Buga lambar wani ko lambar ƙarya laifi ne da ke kai ga rufe wuri da ƙwace inji.

Mazauna Jihar Legas kuma suna da wata dokar. A watan Janairu na 2024 gwamnatin jihar ta hana farin mazubin abinci mai kama da soso, daga ranar 1 ga watan Yuli na 2025 kuma ta fara aiwatar da hani a kan wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, ciki har da leda marar kauri wadda ba ta kai maikiron 40 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Lokacin da aka fara aiwatarwa, gwamnati ta ce hanin bai shafi ruwan leda da robar ruwa ba. Duk da haka mai niyyar zuba jari ya kamata ya tambayi kaurin ledar da zai saya, ya kuma san cewa wasu ƙasashe sun yi nisa a wannan hanya. Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi baya a 2017.

Dalilin hanin kuwa a fili yake. Leda ba ta ruɓa kamar ganye. Ita ce ke toshe magudanun ruwa a Agege da Ajegunle da Idi-Araba, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna. Mahauta sun san yadda ake fiddo dunƙulen leda daga tumbin saniya. Masu jari-bola, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, suna tara ledar ruwa su sayar a kan kilo ga masu narka ta a sāke yin wasu kaya. Mai masana'antar da ya shirya da su tun farko, ya rage wa unguwa shara, ya kuma rage wa kansa ƙiyayyar maƙwabta.

Daga ina za a fara

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ba lalle ne mutum ya fara da babban inji ba, kuma ga yawancin mutane kuskure ne ma su fara da shi. Matakan hawa huɗu ne.

Na farko shi ne ƙaramin abin liƙi na tebur, mai hannu kamar na maƙamin takarda. Wata siririyar waya ce a ciki ke yin zafi na ɗan lokaci in an danna, ta huce. Da shi da ƙaramin sikeli da leda mai kauri, mai dabino ko yaji ko dambun nama ya fita daga sahun masu kyandir. Na biyu shi ne mai feda, wanda ake takawa da ƙafa, hannu biyu su sami damar riƙe jaka mai nauyi. Na uku shi ne mai bel, wanda ake jera cikakkun jakunkuna su bi ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya, wasu ma har kwanan wata suke bugawa. Na huɗu shi ne cikakken inji mai yin komai da kansa. Bai kamata a hau mataki ba sai kasuwa ta fi ƙarfin wanda ake kai.

Wanda ya kai ga babban inji ya sani cewa kuɗin sayensa shi ne ƙarami cikin lissafi. Ga kuɗin wuri, ga rijiya da matatai in ruwa ne, ga janareta da mansa, ga mota, ga leda. Farashin leda yana bin dala da man fetur. Bayan an janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin leda da na man janareta da na sufuri duka suka tashi. Ruwan leda da aka daɗe ana sha a naira 5, daga baya naira 10, ya kai naira 50 a wurare da yawa a 2024. Inji mai fitar da jaka 800 a yini ba shi da amfani ga wanda bai san inda zai kai jaka 200 ba.

Kafin a biya kuɗi, a nemi mai sayarwa ya tada injin a gaban ido, da irin ledar da irin kayan da za a yi aiki da su. A tambaya ko ana samun kayan gyaransa a garin, musamman ƙarfen zafi da wuƙa da famfo, da kuma ko akwai makanikin da ya san shi. Tsohon inji mai araha wanda ba a samun kayansa, araha ce wadda ba ta ado.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar jari. Saurayin da ke lodi a gidan ruwa, in ya roƙi mai lura da inji ya koya masa ɗora leda, da daidaita zafi, da sāke wuƙa, cikin 'yan watanni ya tashi daga ɗan dako ya zama ma'aikacin da ake nema. In ya ƙara da koyon gyara, sana'ar za ta bi shi har Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ranar da ya koma gida, domin injin da ke Ikko shi ne a can.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu da sauran zango-zango suna da rawar da za su taka. Abin da ya gagari mutum ɗaya ba zai gagari mutum ashirin masu adashi ba. Ana iya kama ɗaki guda mai tsabta, a sa sikeli da injin liƙi mai bel, a ɗauki yaro mai ilmi ya riƙe littafin lissafi da takardun hukuma, a fara da kaya ɗaya ko biyu waɗanda ba sa saurin lalacewa, kamar dabino da busasshen zoɓo. Kayan daga gonakin Arewa suke fitowa, motocin da ke kawo su na 'yan Arewa ne, masu sauke su ma haka. Saura tsincewa da awo da liƙi, kuma waɗannan ba su fi ƙarfin kowa ba. Allah ya ba mai niyya sa'a.